Inda za ka bar ƙaramin kare mai tsoro idan tafiya ta kama ka

Ƙaramin kare mai tsoro yana samun natsuwa ne da abubuwa huɗu da ya saba da su: mutumin da ke kula da shi, wurin da yake kwana, abincin da yake ci, da lokutan da ake yi masa kowane abu. Ranar da ka ɗauki jaka za ka tafi gida Sallah, ko hutun Kirsimeti, ko aikin Hajji na wata guda, ka riga ka cire masa na farko. Abin da ya rage shi ne kada sauran ukun su rushe a rana ɗaya. Duk wurin da za ka duba, da wannan ma'aunin za ka auna shi, ba da kyan fenti ko girman allon da ke bakin ƙofa ba.

Karnukan da ake magana a kansu su ne irin Lasa, Eskimo, Ciwawa, Maltis da ƙananan Teriya, masu nauyin kilo 2 zuwa 8, waɗanda ake gani a gidajen ma'aikata a unguwannin Zariya irin Samaru, Hanwa, Palladan da GRA. Karen gadi ko na farauta ana iya barinsa da maigadi da kwanon tuwo, a dawo a tarar da shi yana kaɗa jela. Waɗannan ba haka suke ba. Jikinsu ba shi da ajiya, yunwar kwana biyu tana kayar da su, zafi da sanyi suna saurin shigarsu, kuma idan suka firgita, ramin da kaza za ta bi su ma za su bi.

Fara da likita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara shiri tun saura mako huɗu zuwa shida, domin allurar rigakafi tana buƙatar kimanin mako biyu kafin ta fara kare jiki. Wanda ya yi wa karensa allura jiya ya kai shi cikin wasu karnuka yau, kamar bai yi ba ne.

Allurai biyu ne dole. Ta farko ta ciwon haukan kare, wadda ake fara yi idan kwikwiyo ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ta biyu ita ce wadda za ka ga an rubuta DHLPP a kati, mai haɗa cututtuka biyar, ciki har da farbo, cutar da ke sa amai da zawon jini, mai kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Ƙwayar farbo tana iya yin watanni a ƙasa tana jiran mai tsautsayi, shi ya sa kwikwiyon da bai gama jerin alluransa ba bai kamata ya taka wurin ajiyar karnuka ba ko da na awa ɗaya ne. Mutanen Zariya sun yi sa'a ta wannan fannin, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu a gari. Ka tabbata an buga hatimi da kwanan wata a katin, ka ɗauki hotonsa a waya.

A zuwan nan ɗaya ka nemi a ba shi maganin tsutsar ciki, a kuma sa masa maganin kaska da ƙuma wanda zai kai har dawowarka. Kaska ba ƙaiƙayi kawai take kawowa ba, tana ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi da ɗashewar dasashi, kuma duk inda karnuka suka taru tana nan. A auna nauyinsa a rubuta, za ka buƙaci lambar idan ka dawo. Idan karya ce, ka lissafa lokacin da take shiga neman barbara. Abin yana ɗaukar mako biyu zuwa uku, kuma ƙaramar karya da babban kare ya hau tana iya kasa haihuwa sai an yi mata aiki.

Sannan ka tambayi likitan kai tsaye: "Likita, wa ka sani da ke riƙe ƙananan karnuka?" Su ne ke ganin karnukan da aka dawo da su da ciwo, don haka sun san inda ake kula da inda ake sakaci.

Hanyoyi uku, kuma ba daidai suke ba

Hanya mafi sauƙi ga kare mai tsoro ita ce ya zauna a gidansa, wani da ya riga ya sani ya riƙa kula da shi. Wuri bai canza ba, ƙamshi bai canza ba, abinci bai canza ba. Amma da sharaɗi: mutumin ya kasance mai kwana a gidan, ko aƙalla mai zuwa sau uku a rana. Leƙowa sau ɗaya da yamma a zuba abinci a ja ƙofa ba kula ba ce. Karen da kwanon ruwansa ya kife da ƙarfe tara na safe a watan Afrilu ba zai jira magariba ba.

A nan ake yawan kuskure da maigadi ko yaron gida. Ba kowa ke son taɓa kare ba, wani saboda addini, wani saboda tsoro, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba. Zai ce "to, ranka ya daɗe", ka tafi, shi kuma ya riƙa tura kwano da sanda daga nesa. Ka tambaye shi a fili, ka ba shi damar ya ce a'a ba tare da ya ji zai rasa aikinsa ba. Idan ya yarda, ka ware masa kuɗin wannan aikin daban da albashinsa.

Hanya ta biyu, gidan wani ɗan'uwa ko aboki mai riƙe da ƙaramin kare ko wanda ya taɓa riƙewa. Wuri ya canza, amma akwai mutum kusa dare da rana. Ka nemi yardar matar gidan, ba ta maigidan kaɗai ba, domin ita za ta wuni da shi. Gida mai ƙananan yara da yawa bai dace ba: za su bi shi da gudu don wasa, shi kuma ya ɗauka farautarsa ake, ƙarshenta ya ciji wani a shiga rigima.

Ta uku ita ce wurin da ake ajiye karnuka a biya, ko dai na masu kiwo da sayar da karnuka, ko wani sashe na asibitin dabbobi. Ga kare mai tsoro wannan ce ta ƙarshe, sai idan yana shan magani kullum ko yana da ciwon da ke son idon likita. Idan asibiti ne, tambayar farko ita ce ko ɗakin masu lafiya daban yake da na marasa lafiya, da kwanukansu da tsintsiyarsu.

Abin da za ka duba idan ka je

Gani ya kori ji. Hotunan da aka turo maka ta WhatsApp an ɗauke su ne bayan an yi shara. Ka je da ƙafarka, kada ka tafi da karen a zuwan farko, kuma ka zaɓi tsakar rana, wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku, lokacin da zafi ya kai zafi kuma ma'aikata suka gaji. Wanda ya ce ba a shiga inda karnuka suke, ka yi masa sallama.

Hancinka zai riga idonka ba da labari. Warin kare kaɗan ba laifi, amma zarnin fitsari mai shaƙe maƙogwaro yana nufin ba a wanke wurin kullum. Ka tambayi da me suke wankewa. Amsar da ake so ita ce sabulu da ruwa tukuna, sannan bilic irin Jik ko Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi talatin, a bar shi minti goma, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin a mayar da kare. Wannan haɗin ne ke kashe farbo. Daɓen ya zama na siminti mai ɗan gangare zuwa kwata, domin ƙasa ba ta wankuwa. Ka duba tsagar bango da kusurwoyi, can kaska ke ɓuya, wani lokaci ma za ka gan ta tana hawa bango.

Sai maƙwabta. Wannan shi ya fi komai ga karenka, kuma shi masu wurin suka fi rainawa. Yawancin masu ajiyar karnuka da manya suka saba, irin Alseshan da Rotwaila da Bowabul. Ka sa Lasa mai kilo biyar a keji, waya kawai ta raba shi da Rotwaila mai zuba masa ido yana gurnani, to ko ba a taɓa shi ba, ba zai ci ba, ba zai yi barci ba. Tsakanin ɗaki da ɗaki a samu bango ko katako wanda ido ba ya ratsawa, kuma ɗakin ƙaramin ya kasance can gefe, nesa da masu haushi. Ka ji da kunnenka cewa ba za a sake shi a fili ɗaya da manya ba, ko da an ce maka "ai wannan ba ya faɗa". Babban kare ba sai ya yi niyyar faɗa ba. Cafka ɗaya a wuya da girgiza ɗaya sun isa.

Bayan haka ka durƙusa ka dubi wurin daga tsayin karenka. Ƙarƙashin ƙyaure, rariyar da ruwa ke fita ta katanga, inda waya ta ɓalle daga ƙusa, duk inda dunƙulen hannunka zai shiga, kan Ciwawa zai shiga, kuma inda kai ya wuce jiki zai bi. Tsakanin ɗakin karen da titi a samu ƙofa biyu, ta yadda in ya sulale ta ɗaya zai tarar da ɗayar a rufe. Karen da ya tsere a unguwar da bai sani ba, ba ya amsa kira, ba ya neman hanyar gida, gudu kawai yake har ya faɗa titi ko hannun wanda ya san yana da tsada. Wurin da ake ɗaure karnuka da sarƙa a gindin bishiya kuwa, kada ma ka tsaya ciniki. Mai tsoro yana zagaye har sarƙar ta naɗe masa wuya.

A cikin ɗakin ya samu maɓoya, ko kejinsa na gida da aka yafa wa zane, ko kwali babba da aka kwantar. Mutane na ganin kare ya ɓuya sai su ce ba ya jin daɗi, su jawo shi waje. Ɓuyar ita ce maganinsa. Idan ya san akwai inda ba mai taɓa shi, da kansa zai fara leƙowa. In keji ne kawai wurin yake da shi, girmansa ya kai yadda karen zai iya ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa, kuma a fito da shi sau uku ko huɗu a rana.

Yanayin Zariya da ƙarar gari

A bazara, Maris zuwa Afrilu, zafin rana yana kai digiri 38 har ya wuce, ɗaki mai rufin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, masu gajeren hanci da masu yawan gashi su suka fi wahala. Ka tsaya cikin ɗakin minti biyar. In kai ka ji ba za ka iya zama ba, shi ma haka. Ka tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta, domin fankar da ba ta juyawa ado ce. A hunturu lissafin ya juye: dare yana sauka ƙasa da digiri 15, ƙaramin kare mai gajeren gashi a kan siminti zai kwana yana makyarkyata. Katako a ƙasa, bargo a kai, a toshe ɓangaren da iska ke shigowa. Da damina kuma a duba yoyo da ciyawar da ta yi tsawo kusa da ɗakin, saboda maciji.

Ƙara ma a yi lissafinta. Ina janareta yake, taku nawa ne daga inda karen zai kwana? A ƙarshen Disamba yara na fasa nokawut a unguwanni irin Sabon Gari har tsakar dare. Da Sallah akwai bindigogin hawa a cikin birni. Da damina ga tsawa. Karen da ka san yana shiga ƙarƙashin gado idan an yi tsawa, ka faɗa, ka kuma nemi a riƙa shigar da shi ɗaki mai rufi a irin waɗannan dararen, a kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

Hannun da zai riƙe shi

Mai wurin da kuka yi ciniki da shi ba lallai shi ne zai ba karen abinci ba. Ka nemi ganin wanda zai yi aikin, ka kuma tambayi wa ke kwana a wurin, da wanda zai tsaya idan shi ma ya tafi nasa hutun Sallar.

A zuwa na biyu ka tafi da karen, ka yi shiru ka kalli yadda mutumin zai tunkare shi. Wanda ya san aiki ba ya zuwa gaba da gaba, ba ya zuba masa ido, ba ya miƙa hannu ta saman kansa. Zai tsuguna a gefe, ya kau da kai, ya jefa ɗan nama kusa, ya jira. Wanda ya yi tafi da fito ya sunkuyo zai sure shi, da manyan karnuka ya saba. Kai ma ka karanta karenka: jela a matse tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, yawan lasar baki, hamma ba ta barci ba, farin ido a waje, ɗigon fitsari. Waɗannan a farko ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne ko sun ragu bayan minti ashirin, ko ya karɓi abinci daga ƙasa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In karenka ya taɓa cizo, in ba ya son a taɓa masa ƙafa ko a ɗaga shi, in yana tsoron maza masu hula ko masu riƙe da sanda, ka faɗa tun yanzu.

Daga nan sai gwaji: ka bar shi awa biyu ko uku, bayan kwanaki ka bar shi kwana ɗaya. Ka biya kuɗin daren, ya fi arha a kan abin da zai biyo baya in ba ka gwada ba. Da safe ka tambaya ko ya ci, ko ya sha, ko ya yi kashi da fitsari, ko ya kwana yana kuka. Karen da ya ƙi ci ya ƙi fitsari har ka dawo, wurin bai karɓe shi ba, ka koma hanyar farko.

Kayan da za ka haɗa masa

Abincinsa na gida, wanda zai isa kwanakin tafiya da ƙarin kwana huɗu ko biyar, don tafiya ba ta cika ƙarewa ranar da aka sa mata ba. Canza abinci farat ɗaya yana kawo zawo, ga kuma tsoro da ke tsinka ciki da ma. In dole sai an canza, ana yi ne a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai, tun kana gida. Ka auna abin da yake ci, ka ja layi a jikin gwangwanin awon. In dafawa kake yi, ka ƙulla kowane ci a leda daban a sa a firiza. Ƙanana ƙwarai, masu kilo biyu ko uku, a raba musu sau uku a rana, domin sukarin jininsu yana saurin faɗuwa.

Ruwa kuwa, kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a rana. Mai kilo huɗu zai sha kusan rabin ledar fiya wata, fiye da haka a bazara. A aje kwano biyu masu nauyi, ɗaya ya kife ɗaya na nan.

Ka haɗa da kwanonsa, shimfiɗarsa ba tare da an wanke ta ba, da tsohuwar rigar da ka kwana da ita. Abin ɗaurin ƙirji ya fi na wuya, saboda maƙogwaron ƙananan karnuka ba shi da ƙwari, kuma mai tsoro yana iya ja da baya ya zare kansa daga abin wuya. A rataya masa lambar waya.

Sai takarda, a manna ta a ƙofar ɗakin: lokutan abinci da yawansa, magani in akwai, lambarka, lambar wani na kusa da zai iya yanke shawara in ba a same ka ba, da lambar likitan. A rubuta abin da ba a ba shi, domin ragowar abincin gida a nan take yin ɓarna. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, kuma miyarmu ba ta rabuwa da albasa. Haka cakulan, goro, inabi, da ƙashin kaza dafaffe mai tsagewa. Kitsen naman layya yana iya kumbura masa ciki ya sa amai mai tsanani, ga shi lokacin Babbar Sallah kowa hannunsa a sake yake. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen. Kada a fesa masa fiya-fiya ko Sniper don kaska, kada kuma a sa maganin ɓera inda zai kai.

Maganin kwantar da hankali sai wanda likita ya rubuta, a kuma gwada shi a gida tukuna. Wasu magungunan jiki kawai suke kashewa, tsoron na nan, karen yana ji yana gani ya kasa motsi.

Ku yi maganar kuɗi a gama: nawa ne kwana ɗaya, da abinci ko babu, nawa ne kafin alƙalami, nawa za a ƙara in ka makara. Ka bar wani abu na gaggawa, ka faɗi iyakar abin da za a kashe a asibiti ba sai an jira ka ba. Ka nemi bidiyo gajere kullum lokacin cin abinci. Hoto yana ɓoye abubuwa da yawa.

Lokacin da ba a jira

Mai riƙon ya kamata ya san cewa ƙin cin abinci a ranar farko ba abin tashin hankali ba ne in yana shan ruwa. A gwada ɗumama abincin, a aje a fita a ba shi wuri. In ya cika awa 24 bai ci ba, a kira likita, ɗan ƙarami ƙwarai ko kwikwiyo kuwa ba a kai haka. In ya yi laushi yana tangaɗi yana rawar jiki, a shafa masa zuma kaɗan a dasashi a nufi asibiti. Amai fiye da sau biyu, zawo da jini, dasashi fari ko busasshe, fatar wuya da in an ja ba ta komawa nan take, duk na tafiya asibiti ne a ranar. Haki mai tsanani da dalala a cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan randa ba na ƙanƙara ba, a yi masa fifita a hanya.

Ranar kai shi da ranar ɗauko shi

Ka kai shi da safe, ya samu wuni ya san wurin kafin duhu, kuma zai fi kyau a ce kwana ɗaya kafin tafiyarka, don in wani abu ya ɓaci kana gari. Ka ɗan zaga da shi ya yi fitsari, ka sa shi a ɗakin da kayansa, ka fita. Doguwar sallama da rarrashi suna gaya masa akwai abin tsoro.

Idan ka dawo, ka duba shi tun a wurin: cikin kunne, tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya don kaska, jiki don rauni, sannan ka auna shi ka gwada da nauyin da aka rubuta. A gida a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a jinkirta abinci awa ɗaya ko biyu, don zumuɗi na sa shi haɗiya ya amayar. Zai yi barci sosai kwana ɗaya ko biyu, wataƙila ya riƙa bin ka duk inda ka sa ƙafa, wannan ba komai. Ka sa masa ido har mako biyu. Busasshen tari kamar wani abu ya maƙale masa a wuya, ko zazzaɓi da kasala da ƙin abinci, suna iya ɓullowa bayan an dawo gida, kuma idan ka kai shi asibiti ka gaya wa likita inda ya zauna da ranakun da ya yi a can.